Kwamfutar gem ko PlayStation: wacce ta fi dacewa da mazaunin Legas?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai shago a Agege. Ya tara kuɗin da za su kai shi sayen PS5 (PlayStation 5), sai ƙaninsa ɗan jami'a ya tsaya kai da fata a kan a haɗa kwamfuta, don shi ma ya riƙa aikin bidiyo da zane a kanta. Shi mai tambayar ƙwallo ya fi bugawa, shi da abokansa bayan isha'i, kuma wutar layinsu ba abin dogaro ba ce. Yana so a fayyace masa amfanin kowacce da illarta.

Malam, in dai ƙwallo ce kawai da zaman abokai a gaban talabijin, sayi PlayStation ka huta. Kwamfuta tana biyan kuɗinta ne idan akwai aikin da za ta yi da rana wanda zai dawo da wani abu aljihu, ko kuma idan wasannin da kake so ba sa daɗi sai da maus da kibod. Amma tunda ƙaninka ya shigo cikin maganar, kuma a Legas kake, gara a bi lissafin a hankali. Akasarin gardamar da za ka gani a YouTube kan wannan batu ta mutanen da ba a ɗauke musu wuta ce, katin bankinsu kuma yana biyan dala ba tare da ya yi musu gardama ba.

PS5 ita ma kwamfuta ce, sai dai an rufe ta an hana ta komai ban da wasa da kallo. A cikinta akwai firosesa ta AMD mai ƙwaya 8, da RAM 16GB, da ma'ajiyar SSD mai 825GB wadda abin da ke rage maka a ciki kusan 667GB ne. Siririyar da ta fito a 2023 an ƙara mata zuwa 1TB. Lokacin da ta fito a Nuwamban 2020, mai cin faifai dala 499 ce, marar faifai kuma 399. Sony ba a jikin na'urar take neman babbar riba ba, a wasanni da kuɗin rajista take fanshewa, shi ya sa da wuya ka haɗa sabuwar kwamfuta mai ƙarfinta da daidai kuɗinta. Ƙari a kan haka, masu ƙera wasa sun san ainihin na'urar da suke yi wa aiki, guda ɗaya ce a duk duniya, don haka suna daidaita wasan da ita tun daga tushe. Ka sa faifai, ka jira ya shiga, ka ɗauki hannu.

Kwamfutar da za ta ba ka abin da ya yi kusa da wannan tana buƙatar firosesa irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, da RAM 16GB, da katin hoto wanda bai gaza RX 6600 ko RTX 3060 ba, da SSD 1TB, da akwatin wuta mai wat 550 zuwa 650 na kamfanin da aka sani, da uwar allon da ta dace da firosesar, da gidan da za a zuba su mai fanka gaba da baya. Ba a gama ba: akwai allo, da kibod, da maus, da hannun gem tunda ƙwallo kake bugawa. Katin hoton shi ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin, kuma shi ne abin da farashinsa ke tashi duk ranar da dala ta motsa.

Maganar wuta ce ta fi kowacce nauyi a nan, don haka a tsaya a kanta. PS5 tana jan wajen wat 200 idan tana cikin wasa mai nauyi. PS4 Slim da Xbox Series S (na'urar gem ta Microsoft) ba sa kaiwa wat 100. A kwamfuta kuwa, RTX 3060 shi kaɗai wat 170 ne, firosesa 65, sauran kayan su cika lissafin zuwa wajen 300. RTX 4060 ya fi sauƙi, wat 115 ne, kuma wannan dalili kaɗai ya isa mutumin Legas ya fifita shi a kan tsohon RX 580 da ake sayarwa da araha amma yake jan 185. Manyan katuna irin RTX 4090 mai wat 450 ba na mai inbata ba ne, a bar wa masu su.

In wutar NEPA ce, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ko a layin Band A, rukunin da ya fi tsada, wanda aka kai kuɗin yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, PS5 da talabijin mai wat 80 na awa 4 kullum ba za su wuce yunit 34 a wata ba, kwamfuta da allonta kuma wajen 40 zuwa 45. Inda bambancin yake bayyana shi ne a batir. Batirin inbata mai 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. In na ruwa ne ko makamancinsa, rabi kawai ya kamata ka sha in kana so ya yi ƙarko, ita ma inbatar ta ci nata kason, sai abin da ya rage maka ya zama wajen 1,000. PS5 da talabijin za su yi awa uku da rabi a kai, kwamfuta ta kasa kaiwa uku, Series S ko PS4 Slim kuma su haura shida. Kuma fa ba a sa fanka da ƙwai da cajin waya a lissafin ba, alhali ba mai zama ɗaki a Legas yana gem babu fanka.

Abin da ke kashe na'urori ba ɗaukewar wutar ba ce kaɗai, dawowarta ce da ƙarfi, da kuma wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa, ƙwai yana ja kamar aci-bal-bal. Dukkansu biyun suna son sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, wadda za ta jira wasu daƙiƙu bayan an kawo wuta kafin ta saki, sannan UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, a bayanta. A wajen UPS ne mutane suka fi yin asara, domin lambar da ke jikinsa VA ce, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka wajen wat 360 zuwa 390 ne: zai riƙe PS5 da talabijin na 'yan mintuna, daidai ka adana wasanka ka kashe ko a tada janareta. Kwamfutar gem kuwa kada ka sa mata ƙasa da 1200VA. Sannan akwatin wutar kwamfutocin zamani wani lokaci ba ya jituwa da UPS mai araha wanda wutarsa ba ta fita sumul, sai ka ga an ɗauke wuta UPS yana ƙara amma kwamfutar ta mutu. Nemi wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa, haka ma inbata. Ƙaramin janaretan nan na Tiger ba shi da abin daidaita wuta, kada ka jona ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye a jikinsa.

Idan wuta ta ɗauke PS tana cikin rubuta bayani, ko tana yanayin barci da ake kira Rest Mode, za ta tashi tana cewa tana gyara ma'ajiya. Sau ɗaya ko biyu ba komai, amma in ya zama kullum, wata rana wasan da ka adana ko manhajar na'urar za ta lalace. Don haka a layin da wuta ba ta da tabbas, kashe ta gaba ɗaya ake yi, ba a barin ta tana barci. In ta fara nauyi ko wasa ya ƙi buɗewa, kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, ka jona hannu da waya, ka zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge wasa. Ita ma kwamfuta Windows ɗinta yana lalacewa ta wannan hanyar, sai dai ana iya sake zuba shi daga filashi cikin awa guda. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana tsawa, cire filogi daga bango, ka cire wayar HDMI ma. Tsawa tana biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta wuce talabijin, ta ƙone bakin HDMI na na'urar, ko da sitabilaiza tana nan a jone.

Sai kuɗin wasanni, wanda mai sayen na'ura ba ya tunawa da shi sai ya kai gida. Sabon babban wasa dala 70 ne a yanzu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ta buɗe wa shagonta na intanet, shi ya sa kowa yake buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, yana loda shi da katin kuɗi na PlayStation da ake saya a hannun 'yan kasuwa. Ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu ba ta canzuwa, kuma katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Faifai yana yi a kowace na'ura ko daga ina ya zo, amma ƙarin kayan wasan da ake saya daga baya sai ƙasar asusu ta yi daidai da yankin faifan. Mutum ya sayi faifan Turai, asusunsa na Amurka, ya biya kuɗin ƙari, ya ƙi fitowa a wasan, kuma ba mai mayar masa. Tsaya a kan yanki ɗaya tun farko. Bayan haka, buga ƙwallon EA Sports FC da mutane ta intanet sai da rajistar PlayStation Plus, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma kusan dala 80 a shekara a asusun Amurka tun Satumbar 2023. Wasannin kyauta irin Fortnite ba sa buƙatarta. Ku da kuke zama ɗaki ɗaya kuna karɓa-karɓa, ba ruwanku da ita.

A nan kwamfuta ta yi zarra. Ba a biyan kuɗin rajista don wasa ta intanet. Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, yana yin gagarumin ragi a tsakiyar shekara da kuma ƙarshenta, wasan da ya shekara biyu ko uku yakan faɗo ƙasa da rabin kuɗinsa, kuma in ka saya ka ga bai yi maka ba ko kwamfutarka ta kasa ɗaukarsa, ana mayar da kuɗi matuƙar ba ka wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Epic Games, wani shagon irinsa, yana raba wasa kyauta kowane mako. Matsalar biyan dala tana nan dai: bankuna da dama sun dakatar da biya da katin naira a shafukan waje a 2022, wasu suka dawo da shi daga baya da iyaka. Abin da PS mai faifai take da shi wanda kwamfuta ba ta da shi shi ne kasuwar na hannu. Faifan da ka gama ka kai shi Computer Village a Ikeja ko Alaba, ka yi musaya ka cika kuɗi kaɗan, ko ka ara wa aboki. Wasan da ka saya a Steam ya zauna a asusunka ke nan, ba ya sayuwa. Wannan ne dalilin da zai hana ka sayen PS5 marar faifai don ragin da ke tsakaninsu, ragin ba ya kai abin da za ka rasa.

Za a yi maka tayin gajeriyar hanya a kasuwa. Akwai PS4 da aka fasa manhajarta aka cika ta da wasanni: ba ta shiga intanet, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa, wasannin sun rufe. Akwai masu sayar da asusu mai wasanni a ciki su kunna maka a na'urarka: mai asusun na asali yana iya canza kalmar sirri ko ya cire na'urarka duk ranar da ya ga dama. A kwamfuta kuma akwai wasannin sata da ake saukewa kyauta, waɗanda da yawansu ke zuwa da manhajar da ke kwashe kalmomin sirri. Kwamfutar da ake shiga banki da ita ko ake ajiye aikin mutane a ciki ba wurin wannan ba ne.

Data kuwa duka biyun ci suke yi ba sauƙi. Manyan wasanni suna kaiwa 100GB, Red Dead Redemption 2 a kwamfuta 150GB yake nema. A intanet mai gudun 10Mbps, sauke 100GB zai ɗauki wajen awa 22, in wuta da sabis sun tsaya. Faifai yana rage wannan sosai, duk da cewa sabuntawar ranar farko tana iya zama gigabait masu yawa. Kashe sabuntawa ta kai-tsaye a kowacce ka saya, in ba haka ba za ka wayi gari datar wata ta tafi. Jinkirin da ake samu a wasan intanet, ka danna fas ɗan wasa ya yi sai bayan an ƙwace, ba laifin na'ura ba ne. Wasanni da yawa sabobinsu suna Turai ko Afirka ta Kudu, tafiyar saƙo daga Legas zuwa Landan da dawowa kuma tana cin wajen milisakan 100 ko a layi mai kyau. Kwamfutar miliyoyi ba za ta gajarta teku ba. Abin da ke taimakawa shi ne jona wayar LAN daga rauta maimakon Wi-Fi, da samun faiba in ta iso layinku. Intanet ɗin layin waya sau da yawa yana ba da NAT (tsarin haɗa na'urarka da ta wasu) mai tsauri, wanda ke sa haɗuwa da aboki a wasa ta riƙa ƙi.

Game da wasannin kansu, rabuwar ta ragu a kan da. Wasu wasannin Sony sun zo kwamfuta amma a makare: God of War na 2018 sai a Janairun 2022 ya iso. GTA V ya fito a na'urorin gem a 2013, kwamfuta sai 2015, kuma GTA VI ma PS5 da Xbox Series aka fara sanar masa. Wasannin Nintendo irin Mario da Zelda a na'urarsu kaɗai suke. A ɗaya ɓangaren, Counter-Strike da Dota 2 da League of Legends na kwamfuta ne, wasannin dabarun yaƙi da gina gari ma a can suka fi daɗi, ga damar yi wa wasa kwaskwarima da tsofaffin wasanni na shekara ashirin da har yanzu suke tashi. Masu maguɗi da manhaja a wasan harbi sun fi yawa a kwamfuta. Ga ɗan ƙwallo, ka sani cewa FC na PS4 ba ya haɗuwa da na PS5 a intanet, amma na PS5 yana haɗuwa da na kwamfuta da Xbox Series. Tambayi abokanka abin da suke da shi kafin ka ciro kuɗi.

Kwamfuta tana iya ba da hoto mai santsi fiye da PS, firam 144 a daƙiƙa ko sama, amma sai allon yana iya nuna hakan. Ita ma PS5 tana yin 120 a wasu wasanni, sai dai yawancin talabijin ɗin da ke gidajenmu 60 ne iyakarsu. Kafin komai, shiga saitin talabijin ka kunna yanayin gem, domin gyaran hoton da take yi don fim yana jinkirta abin da ka danna.

Kwamfuta tana son mai haƙuri. Direban katin hoto ya tsufa wasa ya riƙa fita da kansa, Windows ya ɗauki sabuntawa daidai lokacin da baƙi suka zauna, wasa ya ce sai an kunna Secure Boot a BIOS. Kurakuran sabon shiga sanannu ne. Ya jona wayar allo a bakin uwar allo maimakon na katin hoto, sai wasa ya yi ta rarrafe, ko ma allon ya ƙi kawowa in firosesar Intel mai harafin F ce, tunda ita ba ta da hoto a cikinta. Ya sa RAM sanda ɗaya mai 16GB maimakon biyu masu 8GB, alhali biyun sun fi gudu. Ya kashe kuɗi a kati ya sayi akwatin wuta marar suna mai nauyin kwali, wanda ranar da zai mutu ba shi kaɗai yake tafiya ba. Araha ba ta ado, a akwatin wuta kuwa har ɓarna take yi. In kuma tsohuwar tokumbo ce daga Amurka, duba bayanta: wasu suna da ɗan jan maɓalli na 115 da 230. In yana kan 115 ka jona a wutarmu mai 230, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Ladan wannan wahalar shi ne gyara da ƙari. Kowane ɓangare na kwamfuta ana cire shi shi kaɗai. Fanka ta mutu a sa wata, RAM ya yi kaɗan a ƙara, bayan shekara uku a sayar da kati a sa wanda ya fi shi, sauran kayan suna nan. A PS5 ma'ajiyar ciki a like take da allon na'urar, firosesa da katin hoto kuma abu guda ne, in ɗaya ya tafi magana ta ƙare. Abin da za ka iya ƙara mata SSD ne na M.2 nau'in Gen4 mai gudun 5,500MB a daƙiƙa ko sama, da ƙarfen sanyaya a jikinsa. Ruwan ƙarfe ne ke sanyaya firosesarta, ba man da aka saba shafa wa kwamfuta ba, don haka kada ka bari wanda bai san ta ba ya buɗe cikinta da sunan sabis. Murfin gefe kawai ake zarewa a share fanka da buroshi mai laushi. Hannunta kuma yana da cutar da aka san shi da ita, sandar ta riƙa tafiya da kanta ba a taɓa ta ba, kuma masu ƙwallo ne suka fi saurin gamuwa da ita. Ana canza sandar a Ikeja, akwai ma irin mai maganaɗisu da ba ta saurin lalacewa.

Iskar Legas ba ta raga wa ko ɗaya. Zafi da laima suna haɗuwa da ƙura su zama danƙo a fanka, mazauna kusa da ruwa irin Obalende da Ijora kuma tsatsa tana cin bakunan USB da HDMI. Kyankyasai suna son ɗumin akwatin wutar PS4, su shiga su haɗa wuta su ƙone shi, kuma masu gyara sun san warin tun kafin su kwance. Kada ka ajiye na'ura a ƙasa ko cikin kabad mai rufi, ka bar mata aƙalla santimita 10 daga bango, kada kuma a riƙa cin abinci a kusa da ita.

Laftof ɗin gem tana jan hankalin mutanen Legas saboda batirinta yana zama kamar UPS, kuma gaskiya ne wuta ta ɗauke ba za ta mutu ba. Amma da zarar an cire caja ƙarfinta yana faɗuwa, batirin kuma da wuya ya wuce awa ɗaya ana wasa. Sunan katin ma yana ruɗi: RTX 3060 na laftof 6GB ne, na tebur 12GB, kuma laftof biyu masu RTX 4060 suna iya bambanta sosai, domin wani kamfanin wat 45 ya ba katin, wani 115. Ba a canza mata kati, kuma zafi ne ajalinta. Ga ɗalibin da ke yawo tsakanin makaranta da gida tana da hujja, ga mai shago da zai buga ƙwallo a ɗaki ba ta da ita.

Hujjar ƙaninka tana da ƙarfi in har aikin na gaske ne. Kwamfutar da aka lissafa a sama za ta ɗauki manhajojin bidiyo da zane irin Premiere Pro da DaVinci Resolve da Blender da AutoCAD, kuma katin Nvidia yana saurin fitar da bidiyo. In 4K zai riƙa yi, a kai RAM 32GB. PS ba za ta rubuta masa ko wasiƙa ba. Sai dai ku yi wa juna gaskiya a kan lokaci. Wutar da ake samu da dare ita ce lokacin da kake son ƙwallo, ita ce kuma lokacin da shi zai so ya bar bidiyon biki yana fita na awa biyu. Na'ura ɗaya ba za ta yi muku duka ba a dare ɗaya.

Akwai hanyar tsakiya da kuɗin PS5 ɗin za su iya kusan ɗauka: PS4 Slim ta hannu don ƙwallo, tunda har FC 25 ya fito mata, da kuma tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP don ƙanin. A nemi mai Core i5 ƙarni na 8 zuwa sama, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar mafi yawan waɗanda suka girme wannan. A sa mata SSD da RAM 16GB da GTX 1650 gajere wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Akwatin wutar irin waɗannan ƙarami ne, sau da yawa wat 180 zuwa 260, bakinsa kuma na kamfanin ne kaɗai, don haka ɗora mata babban kati kamar ɗora wa Keke Napep kayan tirela ne. Illar wannan hanya ita ce PS4 ta 2013 ce, manyan sababbin wasanni sun daina zuwa mata. Series S ta fi ta ƙarfi kuma ba ta cin wuta, amma ba ta cin faifai, kuma a Legas PlayStation ta fi saurin samun mai saye ranar da ka so rabuwa da ita.

Kowacce ka tsayar, ware kuɗin sitabilaiza da UPS da hannu na biyu kafin ka shiga kasuwa, kada su zama abin da za a saya wata mai zuwa. Kuma kada ka yi cinikin biri a sama. In PS ce ta hannu, a jona ta a gabanka, a sa faifai ka ga ta ja ta karanta, ka buga wasa mai nauyi na minti 20 kana sauraron fanka, ka motsa wayar HDMI a hankali ka ga ko hoto zai yanke. Kunna hotspot na wayarka ka shiga asusunka a kanta, domin akwai na'urorin da Sony ta toshe daga intanet, kuma ba a gane su ta jiki. Duba sukurori da takardar hatimi ko an taɓa buɗe ta, ka tabbatar mai ita na da ya fita daga asusunsa. In kwamfuta ce, je da filashi mai ɗauke da GPU-Z da CrystalDiskInfo da FurMark. Na farko zai nuna maka ainihin katin, tunda akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna, na biyu zai faɗi awannin da ma'ajiya ta yi tana aiki da lafiyarta, na uku kuma ka bar shi ya gasa katin na minti 15. In zafinsa ya haura digiri 85, ko ka ga ɗigo-ɗigo da layuka masu launi a allo, ajiye shi. Katuna da yawa da suka cika kasuwa bayan Satumbar 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankarsu ta gaji.

A shago za ka saya, ba a hannun yaran da ke tare mutane a bakin titin Otigba na Computer Village ba. Abin da aka gwada a gabanka shi za a sa maka a kwali kana kallo, a rubuta lambar jikinsa a rasit tare da kwanakin garanti, ko da mako biyu ne, sannan ka tura kuɗi.